Mai Kiɗa Ma Ɗan Dako Ne

Akwai wata magana da kusan kowaccenmu ta taɓa faɗa, ko ta ji an faɗa a gidan biki, musamman idan la'asar ta yi sakaliya, mata sun cika tsakar gida, an sha kwalliya an gaji da zama: "Wai har yanzu mai kiɗan nan bai fara ba? Su dai mutanen nan ba su san alƙawari ba!" To ni matar mai kiɗa ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina auren mutumin da sana'arsa buga fiyano da bayar da hayar kayan sauti a nan cikin Kano, da ita muke ci, da ita muke sha, da ita yara suke zuwa makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka nake so in gaya muku abin da ke faruwa tun daga fitar kaya daga gidanmu har zuwa lokacin da za ku ji sautin farko.

Iyayenmu ba su san wannan wahala ba, domin kayan kiɗan zamaninsu ba su da nauyi. Masu amada irin su marigayiya Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ƙwarya ce jarinsu. A jera ƙore, a ɗora a ka, in an isa gidan biki a nemi ruwa a kifa ƙwarya a ciki, shi ke nan wasa ya tashi. Makaɗan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kowa da kalangunsa rataye a kafaɗa. Shi kuwa Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, kuntiginsa ma da hannu ɗaya ake riƙe shi. Duk lungun da mutum zai iya bi, kiɗansu zai iya bi. Amma tun wajen ƙarshen shekarun 1990 da waƙoƙin finafinan Hausa suka cika gari, fiyanon Yamaha ta shigo, kunnuwanmu suka saba da ita, sai ya zama amarya ba ta yarda an yi mata biki ba in ba a ji tashin sauti daga bakin titi ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abin da ba mu lura ba shi ne, kaya ma sun canza.

Bari in lissafa miki abin da maigidana yake fita da shi a biki guda, matsakaici ma ba babba ba. Manyan sifiku huɗu, biyu daga ciki masu fitar da amon ƙasa, kowacce nauyinta ya kusa buhun siminti, sai mutum biyu sun kama. Amfilifaya biyu, su ma baƙin ƙarfe ne zalla. Na'urar haɗa sauti, fiyano da ƙafarta, makirfo huɗu, jakar wayoyi, tebur, sannan uwa uba janareta da jarkar mai, don ba mai hankalin da zai dogara da wutar gari ranar biki. Duk wannan sai an ɗauke shi sau huɗu a rana ɗaya: daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa wajen biki, sannan a sake juyowa da shi haka. Bayan an sauke kuma, haɗawa da gwaji suna cin kusan awa biyu. Kin ga ke nan kiɗan da aka ce a fara ƙarfe huɗu, tun azahar ya kamata a ce kaya suna wurin.

To ina motar za ta tsaya? Nan ne gizo ke saƙar. Duk wadda ta san cikin birni, irin su Yakasai, Koki, Mandawari ko Jakara, ta san akwai lungunan da tun kafin zuwan mota aka yi su, an yi su ne don ƙafa da jaki. Wani lungun in kin miƙa hannuwanki biyu sai ki taɓa bangon dama da na hagu, ga kwata ta ratsa tsakiya. Akori-kura ba ta shiga, wani wurin ko 'yar ƙurƙura ba ta shiga. Dole a tsaya a bakin titi, a nemi masu baro ko 'yan dako, a riƙa jido ɗaya bayan ɗaya. Kuma dole a bar mutum guda a gindin mota yana gadi, a bar wani a inda ake saukewa, domin kaya sun rabu gida biyu, ido kuwa ba ya rabuwa.

In an iso ƙofar gida kuma sai wata sabuwa. Gidajenmu na gargajiya soro biyu ne ko uku, ƙofofin ba sa kallon juna, an yi haka ne don sutura, kada na waje ya hango na ciki. Abu ne mai kyau, amma babbar sifika ba ta lanƙwasa. Sai an karkata ta, an ɗaga, an goga bango kafin ta wuce. Sannan gidan matan aure ne, ƙarti huɗu ba za su kutsa kai ba sai an yi sallama an ce su shigo. Da yawa maigidana yakan tsaya a soro da kaya a kafaɗa ana ce masa, "Malam a ɗan dakata, mata suna shiryawa." Dakatawar nan tana iya kai rabin awa. In an jima kuma, bakin da ya ce a dakata shi ne zai ce an makara.

Akwai ranar da ba na mantawa, a cikin damina. Na yi adashi na wata goma, na ɗauka, na haɗa da kuɗin 'yan kunnena na zinare da na sayar, muka ƙaro sifika ɗaya daga Sabon Gari, don a daina raina mu ana cewa sautinmu ba ya kai wa. Fitarta ta uku ke nan aka kira shi wani yinin biki a cikin birni. Da ya tambayi uwar biki hanya a waya sai ta ce, "Haba Malam, ai mota har ƙofar gida take zuwa." Da suka je, ashe masu rumfa sun riga su, an kafa rumfuna uku an jera kujeru tun daga bakin lungun, an toshe hanyar ɗungurungum. Suka zagaya ta baya, ta wani siririn lungu mai santsi, yaransa biyu suna riƙe da sabuwar sifikar, ƙafar na gaba ta zame, sai ji kake tsundum a cikin kwata. Ita sifika, abin da ke kaɗawa a cikinta ya ba da sauti wata irin takarda ce mai kauri, da ta sha ruwa ta gama aiki. Haka ya yi wasan da sauran ukun, aka tashi, Hajiya ta zabge masa kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa, wai sauti bai yi ƙarfi ba kuma an fara a makare. Da ya dawo na ce, "Maigida, ba ka gaya mata abin da ya faru ba?" Ya ce, "In na yi musu da ita, gobe wa zai kira ni a unguwar?" Wata biyu muna biyan kuɗin gyara, a wannan zangon sai da aka koro babban ɗanmu daga makaranta sau biyu.

Kada ki ce ai wannan matsalar cikin birni ce. A unguwannin da ke da faɗin titi ma ba a tsira ba. Tun da aka kawo babura masu ƙafa uku na A Daidaita Sahu a 2005, aka kuma hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, su ne abin hawanmu mu mata. Ranar biki sai ki ga guda ashirin sun yi cincirindo a ƙofar gida, wannan na saukewa, wancan na jiran canji, wani na juyawa. Ga motocin 'yan uwa masu hali, kowa so yake ya ajiye tasa a inda za a gan shi. Motar kaya in ta zo sai ta rasa inda za ta sa hanci. In direba ya raɓa ƙofar maƙwabci, maigidan ya fito da faɗa, kuma da gaskiyarsa, ba wanda ya nemi izininsa. In ya tsaya a kan babban titi, jami'an kula da hanya su zo, ko tara ko a ja motar da kayan mutane a ciki. In ya ce zai yi ta zagaye har wuri ya samu, to tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba direban da zai zagaya maka kyauta, kowane zagaye a cikin ribar mai kiɗa ake yankarsa.

Manyan ɗakunan taro da ake yayi yanzu don kamu da dina, su kuma nasu salon daban. Filin ajiye motoci na manyan baƙi ne, maigadi zai ce motar kaya ta bi ta ƙofar baya. Ƙofar bayan kuwa nan masu abinci suke sauke kuloli, nan masu ado suke shigar da furanni da ƙarafa, kowa yana sauri, kowa yana ganin nasa ya fi muhimmanci. Wani ɗakin a saman bene yake, matattakala ashirin da wani abu, a haka za a hau da kayan nan a kafaɗa. Wani wurin kuma ba za a buɗe ba sai masu taron safe sun fita an share, ya zama saura awa ɗaya a yi aikin awa biyu.

Amma duk wahalar shiga ba ta kai ta fita ba. Lokacin da ke kika ɗauki jakarki da ledar kayan rabo kika nufi gida, lokacin aikinsu na biyu yake farawa. Dare ya yi, an kashe janareta don a ɗauke shi, wuri ya yi duhu, motocin baƙi sun datse motar kaya, sai an bi ana cigiyar mai mota kaza. A cikin wannan hargitsi ne makirfo yake ɓata, waya take ɓata, abin da ba ya fi tafin hannu ba amma kuɗinsa ya fi ribar ranar. 'Yan dakon da aka samu da rana sun tafi gida, sai shi da yaransa. Ni kuwa ina gida ban runtsa ba, kunnena yana kan ƙofa, ina tuna masu ƙwacen waya da ke tare mutane a lungu. In ya shigo, kafin ya nemi tuwo ruwan zafi yake nema, in gasa masa baya da ƙugu. Mutumin da bai kai arba'in ba, yau in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Masu kallo suna ganin liƙi yana zuba suna cewa masu kiɗa suna cin banza. Liƙin nan kafin ya iso gida an cire na mota, na mai, na dako, na yara, abin da ya saura wani lokaci ko cefanen kwana biyu ba ya yi.

To 'yar uwa, me nake roƙo? Abu ne mai sauƙi, kuma a hannunmu yake, domin harkar biki mu mata ne masu ita. Mu ne muke zama wata uku muna tsara anko, muna lissafin kaji da lemo, muna zaɓar mai lalle. A cikin wannan lissafi a sa hanyar da kaya za su bi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da za ki ba mai kiɗa kafin alƙalami, ki gaya masa gaskiyar lungunku, in mota ba ta shiga ki ce ba ta shiga, ya zo da baro da ƙarin hannu, ya sa kuɗin a cikin ciniki tun farko. In da hali ki ce ya zo ya ga wurin da idonsa kwana ɗaya kafin biki.

Ki sa a gaya wa masu rumfa su bar gefe guda a buɗe har sai kayan sauti sun wuce. Ki tura maigidanki ko ƙaninki ya roƙi maƙwabci aron ƙofar gidansa na awa ɗaya da rana da awa ɗaya da dare, yawancin mutane in an girmama su aka tambaya ba sa hanawa. Ki sa a shigo da kaya da hantsi ko da azahar, kafin mata su taru, kin huta da "a dakata", su ma sun huta. Ki ware inda za a ajiye janareta a fili, nesa da jama'a, kada a kuskura a tura shi cikin soro ko ɗaki don gudun ƙara, hayaƙinsa a rufaffen wuri yana kisa, kuma gidan biki cike yake da jarirai. In a ɗakin taro ne, ki tambayi masu wurin ƙarfe nawa za su buɗe wa masu kaya, ta wace ƙofa, ki sanar da mai kiɗa. Idan an tashi kuma, ki bar samari biyu na gida da fitila su tsaya har a gama lodi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke kuma budurwa da mai irin wannan sana'a yake nema, ban ce ki guje shi ba, sana'a ce, kuma mai nema yana tare da samu. Sai dai ki shiga da saninki cewa Juma'a da Asabar da Lahadi ba naki ba ne, kuma jarin gidanku kullum yana kan hanya, a bayan mota ko a kafaɗar wani. Ki koyi riƙe littafin lissafi, ki riƙa ware wani abu na gyara duk fita, ki matsa masa ya ɗauki isassun yara ko da riba za ta ragu, don sifika in ta lalace ana sayen wata, bayan mutum kuwa ba a sayar da shi a Sabon Gari.

Allah Ya ba mu ikon tausaya wa duk wanda yake wahala don mu yi farin ciki, Ya sanya albarka a bukukuwanmu, Ya ba amare da angwaye zaman lafiya, Ya mayar da kowane mai nema gidansa lafiya, amin.