Muciyar Inna

Mu uku ne, 'ya'yan wa da ƙane, kuma duk hutun ƙarshen zango a gidan kakarmu da ke Gwarzo muke yin sa. Wata rana da yamma Inna na cikin tuƙa tuwon dawa sai muciyarta ta karye. Ta ce a bari sai ranar kasuwa. Mu kuwa da kaudi muka ce ai ba sai an saya ba, mu ma za mu iya sassaƙa mata.

Washegari muka ɗauki wuƙar yanka albasa, muka fita bayan gari, muka karyo ɗanyen reshen aduwa a gonar wani. Ba a yi minti goma ba ƙaraminmu ya jawo wuƙar ta wajen jikinsa, ta zame ta tsaga masa babban yatsa. Sai da aka wanke ciwon da sabulu da ruwa mai tsabta, aka kai shi asibiti aka ɗinke, aka yi masa allurar tetanus. Da magariba kuma ga mai gona ya zo da ƙorafi. Ranar mun sha faɗa har muka rasa bakin magana.

Inna ba ta hana mu ba. Cewa ta yi mu je Kabo wurin wani tsohon masassaƙi, ɗan'uwan marigayi kakanmu. Muka same shi a gindin bishiya da gizagonsa, yana fafe turmi. Muka durƙusa muka ce, "Baba, mun zo koyo ne." Ya dubi yatsan da aka naɗe, ya yi murmushi ya ce, "Yarana, ai wuƙa ta riga ni fara muku darasi."

A wurinsa muka ji cewa dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi haɗari, domin sai ka danna da ƙarfi, kuma a nan take zamewa. Ya koya mana wasa ta a dutse, da tura ta gaba nesa da jiki, da zama ta yadda ba kowa kusa da hannu. Ya nuna mana yadda ake bin jijiyar itace a hankali, ana cire ɗan kaɗan. Ɗanyen itace ya fi sauƙin sassaƙa, amma idan aka shanya shi a rana tsagewa yake, don haka a inuwa ake barin sa ya bushe.

Kowane aiki da itacensa. Ƙirya mai tauri ce, ita ake nema don turmi da taɓarya. Marke na yin ƙotar fartanya. Aduwa kuwa da ita ake allon karatu. Sai dai abin da ya fi damun Baba shi ne yadda waɗannan itatuwa ke ƙaranci saboda sara da gawayi. Kano na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Nan muka gane cewa reshen da muka karya ba ƙaramin laifi ba ne. Tun daga ranar sai reshen da aka rage daga darbejiyar ƙofar gida muke amfani da shi, shi ma da izini.

Kwana tara muka yi kafin muciya ta fito. Ta ɗan karkace, amma mun goge ta, muka shafe ta da man gyaɗa. Inna ta jujjuya ta, ta ce, "Allah ya yi muku albarka." Har yau da ita take tuƙa tuwo.

Ƙannenmu na sakandare, in kuna sha'awa ku gwada, amma a gida, a gaban babba, kada wuƙa ta bi ku makaranta. Ku nemi masassaƙin garinku ku gaishe shi, ku zauna kusa da shi. Mu da muka fara da gaggawa, tabon yana nan a yatsan ƙaninmu.