Ɗan Issa: tayar ƙanƙara a ƙasar rairayi

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A farkon daminar bana wata ƴar hidima ta kai ni Ɗan Issa, garin da ke bisa hanyar Maradi zuwa Katsina, cikin gundumar Madarunfa, na kuma komo gida da wani ilmi wanda ban fita nemansa ba. Shi ne nake so in raba wa masu karatu, musamman ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati waɗanda moto ne dokinsu, shi ne kuma jakinsu.

Abin hawana ɗan sukuta ne mai ƙananan ƙafafu, jikan Vespa ɗin nan da iyayenmu malamai da ƴan kasuwa suka yi yayi. Ana gobe zan tashi na lura tayar baya ta fara suɗewa. Wani mai sayar da kayan gwanjo a Maradi ya fiddo mani wata taya mai zurfin zane, an buga hoton dutse mai kai uku a gefenta, da wata ƴar alama kamar tauraro a tsakiyarsa. Ya ce ita Turawa ke sawa idan hanya ta ɓaci, saboda haka ita ce maganin damina. Kuɗinta bai kai na sabuwa ba. Na saya, kuma da yake dare ya yi, sai na ɗaure ta a bayan moto da niyyar a ɗora mani ita idan na isa.

Da asuba na bar Maradi na nufi kudu. Wanda ya san wannan hanya da rani kaɗai, bai san ta ba. Daga Jiratawa, inda lambunan noman ban ruwa suke kore ko da bazara, har zuwa gaba, gonakin gero da na gyaɗa sun fara rufe ƙasa, amalanken shanu na fita gona, mata ɗauke da fura suna bin gefen gudron. A wannan yanki ne Gulbin Maradi yake bi, wanda ke shigowa daga ƙasar Katsina, ya bushe da rani, ya kawo ruwa da damina. Cikin sa'a guda ko abin da ya ɗara kaɗan na hango jerin manyan motoci a gefen hanya, na san na iso.

Ɗan Issa gari ne da iyaka ke ciyar da shi. A nan duwan take, a nan ake tsayar da kaya ana duba takardu kafin a gangara Magama da Jibiya cikin Najeriya. Naira da sefa duk suna yawo a hannu guda. Mutanen garin sun san ɗacin rufe iyaka: Najeriya ta rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ƙofar Jibiya ba sai cikin Afrilu na 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris na 2024. Duk sa'ad da manyan motoci suka tsaya, moto ne ke ɗaukar nauyin gari. Shi ke kai marar lafiya likita, shi ke kai malami lakwal a ƙauye, shi ke kai buhun wake kasuwa. Inda moto ya yi yawa haka, mai faci sarki ne.

Na sami wani dattijo a ƙarƙashin bishiyar bedi, da famfonsa da kwanon ruwansa na neman huji. Bayan mun gaisa na miƙa masa tayar. Ya juya ta, ya danna ta da babban yatsa, ya daɗe yana duba gefenta, sa'an nan ya ce: "Malam, ƙanƙara za ka shiga ne?"

Na ce: "A'a Baba, Garin da za ni yana bayan kwalta, laka nake gudu."

Ya yi dariya ya ce in zauna. Abin da ya faɗa mani, da abin da na ƙara sani daga baya, ga shi a taƙaice.

Wannan alama ta dutse mai kai uku shaida ce ta tayar sanyin Turai, tauraron da ke ciki kuwa hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ne. Robarta mai taushi ce, an haɗa ta don kada ta sandare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma an yi mata ƙananan tsage masu yawa don ta kama ƙanƙara. To mu a jihar Maradi, ko cikin tsakiyar hunturu, watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 12 ba, hantsi na yi rana ta buɗe. Cikin Afrilu da Mayu kuwa zafi na wuce digiri 40, gudron ya fi haka nesa. Roba mai taushi a kan irin wannan hanya cinyewa take yi da sauri, moto ya riƙa lilo a kwana, birki ya ƙara nisa. Ko a Faransa, inda doka ta tilasta kayan sanyi a yankunan duwatsu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris tun shekarar 2021, dokar ba ta hau kan masu ƙafa biyu ba. Abincin wani, gubar wani.

Dattijon bai tsaya nan ba. Ya nuna mani wasu lambobi guda huɗu a gefen tayar, waɗanda ni da na yi karatun boko ban taɓa kula da su ba. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tawa ta haura shekara goma. Da ya lanƙwasa ta sai ga ƙananan tsattsagewa a jikinta kamar faso a diddige. Zane yana nan da zurfinsa, amma robar ta tsufa. Araha ba ta ado.

Na ce: "To Baba, ina mafita?"

Ya ce abokan gaban mai moto a ƙasar Ɗan Issa uku ne: rairayi da rani, laka da damina, ƙaya a kowane lokaci. Ƙafar sukuta inci 10 ce ko 12, ta babban moto kuwa 17 ko 18. Ƙaramar ƙafa ta fi saurin nutsewa cikin yashi da faɗawa rami, kuma babu wata taya da za ta gyara wannan. Wanda aikinsa ke bisa gudron, daga gida zuwa biro ko kanti, sabuwar taya ta yau da kullum ta ishe shi shekara duka, muddin zanenta bai shafe ba, domin zanen ne ke kore ruwa daga ƙarƙashinta. Wanda ke shiga ƙauyuka, ya nemi taya mai manyan haƙora tun kafin ruwan Yuli da Agusta, in da hali ya nemi moto mai manyan ƙafafu. A rage iska kaɗan idan za a daɗe cikin rairayi, a mayar da ita da an hau gudron, musamman in akwai kaya ko goyo.

Wannan magana ta wuce ta kuɗi. Kowa ya san halin da karkarar Madarunfa ta shiga tun wajen 2019 saboda ƴan bindigar da ke ƙetaro iyaka. Taya ta fashe wa mutum da almuru tsakanin ƙauye da ƙauye, abu ne da ba a yi wa ko maƙiyi fatansa.

Na sayi sabuwar taya a nan Ɗan Issa, aka ɗora, na bar sukutan a gidan wani abokina, na hau kabu-kabu mai manyan ƙafafu zuwa ƙauyen da za ni. Mun ratsa laka sau uku, na gode wa Allah da na ji magana. Tayar Turai kuwa na bar wa dattijo, ya ce za a yanka ta a yi igiyar ɗaure kaya.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin ka zaro kuɗi ka sayi taya, duba alamarta, duba shekarunta, ka kuma tambayi kanka hanyar da za ka bi da ita. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka.