Yini guda a ƙasa a bakin tafkin Tabalak

Jama'a, manoma da makiyaya, ga labarin wata tafiya da na yi lokacin ɗari.

Daga Tawa zuwa Tabalak kamar kilomita 50 ne, a kan hanyar Agadas. Na shiga mota da asuba, hantsi bai yi ba na sauka. Na rataya burgamina, da dabino da cuku a ciki, na cika gora da ruwa, na ɗauki sanda. Niyyata in kewaye tafkin da ƙafa, don wanda ke cikin mota ruwa kawai yake hangowa.

Da fari na ratsa ta cikin garake. Albasa ce, da tumatir, da dankali, da rogo, kore shar, alhali kuwa gonakin tudu duk sun bushe. Gaba kaɗan masunta na fid da taru. Na ga tarwaɗa da karfasa. Tsuntsaye kuwa ba su ƙirguwa: ga belbela, ga zalɓe, ga agwagin ruwa. Waɗansunsu daga Turai suke zuwa su yi ɗari a nan, su koma. Saboda su da sauran albarkar wurin, a shekarar 2005 aka sa tafkin cikin wuraren ruwa da duniya ta yi alkawarin kiyayewa. An ƙulla alkawarin nan a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

Da azahar na kai bakin wata korama. Nan ne jikina ya yi sanyi. Rairayi ne fari fat, ƙafa na nutsewa, ya shiga cikin tafkin kamar harshe. Na tarad da wani dattijo yana shayar da raƙumansa. Na ce, sannu Baba. Ya amsa, muka zauna. Ya nuna mini inda yake tsayawa da dabbobi sa'ad da yake saurayi. Yanzu wurin busasshe ne, sai an yi tafiya kafin a taɓa ruwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An sare itatuwan kan tudu, ƙasa ta zauna tsirara. In ruwan sama ya sauka, ba abin da ke tare shi. Sai ya kwaso rairayi, ya bi korama, ya zuba cikin tafki. Kowace damina tafkin na rage zurfi. Ruwa marar zurfi kuma rana na saurin shanye shi. Da ruwa ya ja baya, mai garka ya bi shi da shinge, shinge ya toshe burtali, rigima ta tashi tsakaninsa da makiyayi.

Akwai magani, kuma ba nesa ba. A Keita, tun 1984, da taimakon ƙasar Italiya, mutane suka jera duwatsu a kan tuddai, suka haƙa ramuka, suka dasa itatuwa. Mata ne suka yi yawancin aikin. Ruwa ya riƙa tsayawa yana shiga ƙasa. Duwatsu kuwa, ai Adar ba ta rasa su ba.

Ban gama kewayen ba. Tafkin ya fi ƙarfin yini guda, ƙafafuna kuma suka gaji. Na juyo, na iso tasha da magariba, na sayi soyayyen kifi, na jira motar Tawa.