Memori Iri Biyu Ce

Akwai kalma guda da ke jawo wa sabon mai kwamfuta asarar kuɗi da ta aiki, ita ce memori. A bakin masu sayarwa tana nufin abubuwa biyu mabambanta, waɗanda babu abin da ya haɗa su sai cewa duka da gigabait ake auna su.

Na farko shi ne RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki. Na biyu kuwa ma'ajiya. Misalinsu kamar kanta da sito ne a shagon ɗan kasuwa. Duk abin da aka buɗe, wasiƙa ce ko shafin intanet, sai an ɗauko shi an shimfiɗa a kan kanta kafin furosesa, mai yin lissafin, ya iya taɓa shi. Idan kanta ta yi kaɗan, sai a yi ta kai-komo tsakaninta da sito, kuma wannan zirga-zirgar ce mai kwamfuta ke ji a matsayin nauyi.

Sai dai wannan kanta da wutar lantarki take riƙe kaya. Da zarar wuta ta yanke, komai ya goge. Shi ya sa ma'aikacin da ya shafe awa biyu yana rubuta rahoto a kwamfutar tebur, wadda ba ta da batir, zai iya tashi hannu rabbana idan aka ɗauke wuta bai adana ba. Adanawa ba komai ba ce illa kwafe aikin daga RAM zuwa ma'ajiya.

Ita ma ma'ajiyar kala biyu ce. Akwai faifai mai juyawa, wanda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1956, na yanzu kan yi zagaye 5,400 ko 7,200 a minti. Akwai kuma SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta, ta fi sauri nesa ba kusa ba, ta kuma fi jure faɗuwa.

Saboda haka idan mai shago ya ce kwamfutarsa "giga 500" ce, girman sito ya faɗa, bai ce komai game da kanta ba. Windows 11 ba ya karɓar ƙasa da gigabait 4 na RAM da 64 na ma'ajiya, amma 4 ɗin nan ta maneji ce kawai. Mai aikin ofis ya nemi 8. Tsohuwar kwamfutar da ke jan ƙafa kuwa, sau da yawa sauya mata faifai da SSD ya fi sayen wata araha.