Titlis: Dutsen da ƙanƙara ba ta barin kansa

Duk mai kallon finafinan Indiya ya saba ganin jaruma tana rawa da sari cikin dusar ƙanƙara. Sau da yawa ba Indiya ba ce, Suwizalan ce. A dutsen Titlis mai tsawon mita 3,238, a saman garin Engelberg, har hoton Shah Rukh Khan da Kajol na fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 aka kafa saboda baƙi.

To amma fa hawa da ƙafa ba waƙa ba ce. Daga Disamba zuwa Afrilu ƙanƙara ta binne hanyoyi, ga haɗarin zaftarewarta, sai dai a shiga motar da ke rataye a jikin waya. Daga wajen ƙarshen Yuni zuwa Oktoba ne hanyoyin ƙafa na gefen tafkin Trübsee ke buɗewa. Can ƙololuwa kuwa ko a Agusta ƙanƙara na nan, da ramuka ɓoye a ƙarƙashinta. Sari kam sai a fim! Nan sai takalmi mai ƙusoshi, igiya da ɗan jagora. Kuma a yi sammako, don da rana ƙanƙarar kan yi laushi, ƙafa ta riƙa nutsewa.