Mayaƙin Da Ya So Ya Zama Boka

Mai karatu, yau labarin wani mutum da na kashe da hannuna zan ba ka. Kwantar da hankalinka, a takarda yake.

Bayan na kalli fim ɗin Dungeons & Dragons: Honor Among Thieves na 2023, wani abokina da muka yi difloma tare ya ja ni cikin wasan da aka ɗauko fim ɗin daga gare shi. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke jan labari, saura kowa ya ƙirƙiri jarumi ya rubuta shi a takarda, in za a yi wani abu mai haɗari sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20. Kowane jarumi da sana'arsa: mayaƙi, boka, ɓarawo, mawaƙi. Yana tashi daga mataki na 1, iyakarsa 20.

Na zaɓi mayaƙi. Da na kai mataki na 3 sai ido ya rufe, na ga bokan cikinmu ne kowa ke yi wa tafi. Dokokin 2014 sun yarda ka haɗa sana'a biyu, muddin kana da maki 13 a baiwar da kowacce ke buƙata. Ina da su. Sai na zuba matakai biyu na gaba a bokanci, ina ta murna wai na zama mai takobi a dama, tsafi a hagu.

To, ashe ban karanta lissafin ba. A mataki na 5 ne tsantsar mayaƙi ke fara kai sara biyu a zagaye guda. A mataki na 5 ne kuma tsantsar boka ke samun dunƙulen wuta, wanda ake jefa masa 'yan ludo takwas. Ni kuwa uku nan, biyu can: sara ɗaya, tsafin 'yan koyo. Ranar da aka tare mu a bakin wani kogo, ni ne a gaba, don ni ne mai sulke. Ban kai zagaye na huɗu ba. Wata biyar ina rainon bawan Allahn nan, wallahi sai da na ji abin a ƙirjina.

Na so in zargi dokar, amma da na bi tarihinta sai na sassauto. A littafin 1978, mutum ɗan'adam in ya sauya sana'a, ya bar ta farko ke nan, ba zai ƙara gaba a cikinta ba. Sai a bugu na uku, a 2000, aka buɗe ƙofar sosai. Duk da haka ba a taɓa bayarwa kyauta ba. Abin da ka ɗiba nan, an rage maka can.

Nan ne aikina na sharhi ya shigo. Ka tuna littafin yaƙi ko na soyayya nawa ka karanta, inda jarumi shi ne sadauki, shi ne masanin sirri, shi ne attajiri, ga kyau, kuma bai rasa komai ba don ya samu waɗannan? Shi ya sa ba ka taɓa jin tsoro dominsa. Dubi Edgin, wanda Chris Pine ya fito a matsayinsa: mawaƙi ne da rashin matarsa ya mayar ɓarawo, bai iya faɗa ba, sai Holga ta Michelle Rodriguez ta tare masa. Raunin nan ne ya sa na damu da shi har ƙarshe.

Har yanzu ina haɗa sana'a, kar ka ce na tuba. Sabuwar jarumata ɓarauniya ce, kuma ba za ta taɓa littafin tsafi ba sai labari ya ba ta dalili. Mai jan labarinmu ya ce yana tanadar mata ɗaya, ya ƙi gaya min ko mene ne.