Ƙasar gonarmu a leda

Ranar da na faɗa wa Baba cewa a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello nake son yin shekarar sanin makamar aiki, muna gonar rakenmu ne a Rogo. Yana jin kalmar nukiliya ya ajiye addarsa.

“Wajen bam za ka? Mu boko muka tura ka, ba sayar da rai ba.”

Ban ga laifinsa ba. Ni ma abin da na sani ke nan kafin a kai ajinmu ziyara Zariya. Tukunyar nukiliyar da ke can ƙirar Sin ce, ta fara aiki a 2004, kuma ƙarfinta kilowat 30 da ’yan kai ne kacal, wato zafin dutsen guga kamar talatin. Ba ta ba ko gida ɗaya wuta. Aikinta shi ne a saka ɗan samfur, ƙasa ko hatsi ko dutse, niyutiron su yi ta dukansa har cibiyoyin wasu ƙwayoyin zarrarsa su rasa natsuwa. Kafin su lafa sai su fitar da haske, kuma kowane sinadari da irin nasa. Da haka ake gane abin da ke ciki, ko da ɗan mitsitsi ne.

Wannan rashin natsuwar ce ta hana ni barci. Cibiyoyin da ke zaune lafiya ba su fi 250 da ’yan kai ba, amma waɗanda aka gano sun haura 3,000. Mafi yawansu ba sa daɗewa. Litiyom-11, alal misali, rabinsa kan ƙare kafin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. To, yaya za ka auna abin da ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawon rai? A Janeba akwai wani wuri mai suna ISOLDE, tun 1967 suke harba firoton kan wani dunƙule, su zuƙo abin da ya farfashe, su tace shi da maganaɗisu gwargwadon nauyi, su kora shi cikin bututu zuwa na'urar awo kafin ya mutu. Amurka ta buɗe nata babba a Mishigan a 2022. Mu ba mu da irinsa, Zariya ce dai ƙofar da ta fi kusa da ɗan Rogo.

Duk na zayyana wa Baba wannan, har da Janeba. Kuskure ne babba, don Janeba ba ta dame shi ba. Inna ce ta fito da ainihin maganar da daddare: wai an ce musu mai aiki a irin wurin nan ba ya haihuwa. Na ce mata ma'aikatan na rataye da wani ɗan abu a ƙirji mai lissafa abin da jiki ya ɗauka, kuma tukunyar na can ƙarƙashin ruwa mai zurfi. Ta ce, “Allah dai ya tsare,” ba ta ƙara ba.

Kwana uku takardar na kan akwatinsa bai taɓa ta ba. Ranar da zan dawo, har na hau mashin ɗin da zai kai ni Ƙaraye, sai ga shi da baƙar leda a hannu.

“Baba, mene ne wannan kuka ɗauko?”

“Ƙasar fadamar nan ce. Shekara biyu ina zuba taki, rake na ƙanƙancewa. In ka je, ka tambaye su me ya same ta.”

Ledar na cikin lokata a hostel. Takardar kuwa har yau bai sa hannu ba, ya ce sai na zo hutun Sallah.